Katako Ɗaya a Teku

A gaɓar wani ƙauyen masunta na Biyetnam, kwana biyu bayan guguwa, Tuyet ta durƙusa gaban mutum-mutumin Kwan Am, allahiya mai jin kukan bayi, da turare a hannunta. Wani tsoho da ba ta sani ba na zaune a gefe.

"'Yata, maigidanki yana teku ne?"

"Yana can, Baba. Jirage tara sun dawo, ban da nasu."

"Kwantar da hankalinki. Wadda ta ƙi shiga hutun ƙarshe don ceton mutane ai ba ta gyangyaɗi. Hannu dubu gare ta, kowanne da ido."

"Ka taɓa ganin wanda ta ceta?"

"Ga ni. Kwana uku na yi rungume da katako."

"Kai kaɗai?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Da ƙanena. Katakon ba ya ɗaukar mutum biyu."

Tuyet ta dube shi. "Shi ya saki, ko kuwa..."

"Shekara talatin ina zuwa nan, har yau ban iya kallon fuskarta ba."

Tuyet ta juya ta dubi teku.

"Baba, nawa mijin ma da wansa ya fita."