Awarwaron da Ɗana Ya Sa Mini

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ce Rabi mai atamfa daga Maamobi.

Bayan ɓarayi sun fizge mini jaka a unguwar Kawukudi, ɗana da abokan karatunsa na injiniya suka ƙera mini awarwaro mai ƙara, wanda ke nuna wa mutanen gida inda nake ta waya. Da farko na yi murna. Yanzu ko ƙawata na leƙa, sai maigida ya kira: "Kin ce unguwar Madina za ki, me kike yi a Nima?"

Na ce zan cire, ɗana ya ce, "Mma, ki yi haƙuri, da gwajin nan za mu gama makaranta."

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ba na son karatunsa ya lalace, amma ni na zama ɗaurarriya.