Na Kai Ƙofar Gidan Bitrus Na Juyo

Gaisuwa gare ki, Malama mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ne Ayuba, tela a Tambuwal. Na kasa zaune na kasa tsaye, shi ya sa na rubuto.

Tun ina yaro nake bin Almasihu, ga shi yau furfura har gemu. Amma shekara ashirin ke nan ba na magana da ƙanena Bitrus da ke Kebbe, tun ranar da ya tuge gambar da ta raba gonakinmu na gado, ya shigo cikin tawa. Tun lokacin, in ana addu'a a coci aka zo wurin yafe wa masu yi mana laifi, sai in yi tari.

Matata Saratu ce ta gano ni. Ta ce, "Baban Rahila, wanga tari naka wuri guda shika kama ka kullum."

Sai na fara ƙoƙari. Bara waccan na hau babur, na kai rabin hanya na juyo. Bara na kai kasuwar Kebbe, na sayi goro na dawo. Makon jiya na ji ba shi da lafiya, na je har ƙofar gidansa. Na jiyo muryarsa daga ciki, ta babanmu sak. Sallama ta maƙale mini, na juyo.

Fasto ya ce ci gaba ne, a hankali Allah yake gyara mutum. Na yarda. To, amma ciwon Bitrus zai jira ni?

Don Allah ku ba ni shawara, da wace magana zan fara? Bitrus, in rediyonka na kunne, mai babur ɗin da ya tsaya ƙofarka ranar Laraba, yayanka ne.