Mai Tsaron Raga Yana Gona

A tashar Tsanyawa, muna jiran mota ta cika, na ga abin mamaki: mutum da usur a wuya, da sabuwar fartanya a hannu. Wani dattijo a gefensa ya kasa haƙuri.

"Malam, ƙwallo za ka ko gona?"

"Duka biyun, Baba. Ni ne kocin ƙungiyar garinmu. Ranar Asabar in aka ci mu, mun faɗo daga rukuninmu. Mai tsaron ragarmu kuwa, mahaifinsa ya ce ba inda za shi sai an nome gero. Shi ne gobe za mu yi masa gayya, mu goma sha takwas."

"Ka ce wa yaron ya sulale mana."

"Abin da na yi ke nan ni. Ana tsakiyar noma na gudu Legas. Shekara goma sha biyu ina buga ƙwallo ana yi mini tafi, ban sake nome wa mahaifina kunya ɗaya ba har ya rasu."

Dattijon ya ce:

"Allah ya jiƙansa. To, in kun gama mahaifin yaron ya ƙi fa?"

"Sai in tsaya a ragar da kaina, Baba, da lalatacciyar gwiwar nan tawa."