Zomanyar Iklima

Wani dattijo ya bar layin asibitin dabbobi kusa da Ƙofar Guga ranar Litinin da safe bai ga likita ba, bayan matar da ke gefensa ta leƙa kwalin da ya rungume.

"Baba, me ya sami zomanyar?" in ji matar.

"Ƙazuwa, Hajiya. Tsige gashin ƙirjinta take yi tana tarawa a lungu. Ɗiyata Iklima ta bar mini ita amana ta tafi makaranta. In ta mutu, da wane ido zan dube ta?"

"Me kake yi mata?"

"Man kaɗanya nake shafa mata. Gashin kuwa kullum sai na share."

"Innalillahi! Shimfiɗar haihuwa take yi, kana kwashewa!"

Dattijon ya dubi zomanyar. "Ni da na yanka ragunan suna ba adadi, na kasa gane mai ciki. Ashe ni ne ƙazuwar."

"Amma sukan yi haka ko ba ciki. Akwai namiji?"

"Maƙwabcina yana da shi. Sai dai tun ƙaramar sallah ba mu gaisawa." Ya miƙe da kwalin. "Bari in je in yi masa sallama. Wataƙila mun zama surukai."

Ko akwai cikin ko babu, har ya fita ba wanda ya sani.