Yadda Aka Dasa Mini Shinkafa Ina Kwance

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe ni daga tabarma ya tsayar da ni a gabanku yau.

Sunana Rifkatu. Mutanen wannan majami'a sun fi sanina da Maman Haruna. Amma na ga baƙi daga Bunkure da Madobi a cikinmu, don haka bari in ɗauko zancen daga tushe.

Ni da maigidana Dauda mun zo ƙasar Kura ne bayan farin nan da ya ƙone mana gero a ƙauyenmu. Mun ji labarin ana noman rani a nan, ruwa na gudu a kanal ko da sama ba ta zubo da ɗigo ba. Muka kwaso yaranmu uku muka taho. Malam Sani, mai makarantar allo a unguwarmu, shi ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, ya kuma ba Dauda aron gona a bakin kanal. Da rani alkama da tumatir, da damina shinkafa. Muka fara cin abinci muna ƙoshi.

Bara waccan, a tsakiyar kakar tumatir, motar da ta ɗauko kwanduna ta faɗi kusa da Garun Malam. Dauda yana saman kaya. Ba a kai shi asibiti da rai ba.

Bayan jana'iza, wan mijina, Yaya Bitrus, ya zaunar da ni. Mutumin kirki ne, ba da mugunta ya yi maganar ba.

Ya ce, "Rifkatu, mace ɗaya ba za ta iya da gona da yara uku a baƙon wuri ba. Haruna ya zauna a wurina, 'yan matan biyu a kai su gun gwaggonninsu, ke kuma ki koma gidan iyayenki ki huta."

Na ce, "Yaya, ka ba ni daminar nan. In na noma shinkafa, ka bar mini 'ya'yana wuri ɗaya."

Ya ce, "To. Zan dawo lokacin dashe in gani da idona."

Malam Sani kuwa da na je masa da maganar gona, ko ɗaga kai bai yi daga allon da yake rubutu ba. Ya ce, "Gonar Dauda ce, ki noma abinki."

Ba zan ɓoye muku halin da zuciyata take ciki a lokacin ba. Na daina zuwa coci. Na daina addu'a. In na durƙusa, abin da ke zuwa bakina shi ne, me ya sa? Matan zumunta suka yi ta zuwa gaisuwa, ina tare su a bakin ƙofa ina cewa lafiya lau. Tsorona ɗaya: kada labari ya kai wa Yaya Bitrus cewa na gaza. Na ƙudura ni kaɗai zan yi, ba mutum, ba Allah.

Na watsa iri ya fito kore shar. Ana saura kaɗan a fara dashe, sai wani ƙurji ya fito mini a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Kafin mako ya zagayo wani ya fito a gwiwar ɗaya ƙafar. Da na farko ya fashe, na ga kan wani farin abu kamar zare yana leƙowa.

Kurkunu ne.

Wanda bai taɓa yi ba, Allah ya tsare shi. Ba ka iya takawa, ba ka iya barci, kuma ba a fizge shi. Sai dai a naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, kullum ɗan abin da ya yarda ya fito.

Inna Hajara, uwargidan Malam Sani, ita ta fara ganewa, don ta ga Haruna ne ke hura wuta da safe. Ta shigo ba ta jira izini ba, ta ɗaga zanena ta duba. Tun daga ranar, kowace safiya in ta idar da salla sai ta zo da ruwan ɗumi da tsinke. Ta zauna ta ɗora ƙafata a cinyarta, tana naɗewa tana ba ni labarin jikokinta don in manta da zafin.

Wata rana ta ce, "Maman Haruna, mutanenku na coci sun sani kuwa?"

Na ce, "Inna, don Allah ki rufa mini asiri."

Ta ce, "Ciwo ba abin kunya ba ne, 'yar nan."

Ban ji maganarta ba. Irin shinkafa yana ta girma yana neman wuce lokaci, maƙwabta duk sun dasa nasu. Ran nan na yanko sanda na dogara, na ja jiki har gona. Na shiga cikin taɓo, ban dasa ko layi ɗaya ba santsi ya kwashe ni. Kurkunun gwiwa ya tsinke a ciki.

Masu gonar kusa suka ɗauko ni. Kafin kwana biyu ƙafar ta kumbura kamar turmi, zazzaɓi ya rufe ni. Ina kwance ina jin ƙaramar 'yata Hauwa tana tambayar yayanta, "In Mama ta mutu, wa zai tafi da ni?"

A nan ƙarfina ya ƙare.

Abin da ya biyo baya ba a gabana aka yi ba, ku ne kuka ba ni labari. Ranar Lahadi da safe, kuna tsakiyar sujada a wannan ɗaki, Inna Hajara ta yafa mayafinta ta biyo gefen kanal har nan. Tsohuwar da ba ta taɓa taka harabar coci ba. Ta tsaya a ƙarƙashin darbejiyar can, ta jira har kuka fito. Ta tambaya wane ne babba, aka nuna mata katikis, Baba Istifanus.

Ta ce masa, "Ku ne mutanen Rifkatu? To tana kwance, ƙafa na neman ruɓewa. Ta hana ni faɗa, amma na faɗa. Ni na yi iyakar nawa, saura ku."

Da azahar sai ga Mama Hannatu, shugabar zumuntar mata, da mata bayanta har ɗakin ya kasa ɗaukarsu. Na juya fuskata bango don kunya. Mama Hannatu ta zauna a bakin tabarma ta kamo hannuna.

Ta ce, "Rifkatu, da wa kike fushi? Da mu ko da Ubangiji?"

Na ce, "Da shi, Mama."

Ta ce, "To faɗa masa. Ga mu nan, ba inda za mu."

'Yan'uwa, ban taɓa yin addu'a irin ta ranar ba. Ba ta da tsari, ba ta da daɗin ji. Na ce, Ubangiji, ka ɗauke mini miji, ka kwantar da ni, yanzu za a raba mini yara. Na ce zan iya ni kaɗai, ga shi ban iya ba. In kana nan, ka riƙe ni. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Matan suka ɗora mini hannu suna waƙa a hankali. Ƙafar ba ta sace a take ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma dutsen da ke kan ƙirjina tun rasuwar Dauda ya sauka. Na san an ji ni.

Washegari maza biyu suka ɗora ni a amalanke har bakin titi, Baba Istifanus ya raka ni asibiti a Kura. Aka tsaga wurin, aka wanke, aka yi mini allurai. Ma'aikacin ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai a yi maganar yanke ƙafa. Matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu: wannan ta yi girki, wannan wanki, wannan ta kwana da yara. Inna Hajara kuma ba ta ba kowa aikin tsinkenta ba. Ta ce ita ta fara, ita za ta ƙarasa.

Saura gona. Baba Istifanus ya sanar da gayya ranar Asabar. Da Malam Sani ya ji, ya toshe ruwan da zai shiga tasa gonar ya juyo shi tawa, don a sami taɓo mai laushi. Na ce sai an kai ni in gani. Aka shimfiɗa mini tabarma a kan gaɓar kanal.

Na ga abin da ban taɓa gani ba. Kusan duk majami'ar nan tana cikin gonata: masu facin taya, malaman firamare, matan da suka bar tallansu, har da tsofaffin da aikinsu miƙa iri ne kawai. Ga 'ya'yan Malam Sani manya a cikinsu, wando a naɗe. Mata suna waƙa, layi yana tafiya.

Ana cikin haka na hango mutum tafe a kan gaɓa da 'yar jakarsa. Yaya Bitrus ne. Ya zo ganin dashe kamar yadda ya faɗa. Ya tsaya a kaina, ya dubi ƙafata a naɗe da bandeji, ya dubi gona.

Ya ce, "Su wane ne waɗannan?"

Na ce, "'Yan'uwana ne, Yaya."

Daga nan ya ajiye jaka kusa da ni, ya cire takalmi, ya shiga taɓo ya karɓi iri. Da yamma da zai tafi ya dafa kan Haruna ya ce, "Na ɗauka a baƙon wuri na bar ku. Ku zauna."

Shinkafar ta yi. Yarana suna nan tare, ga su can a benci na biyu. Gwiwar nan kuwa ba ta lanƙwasuwa sosai har yau, kun ga yadda na hawo nan. Ban damu ba. Tana kai ni inda nake so.

Kuma akwai inda nake so ta kai ni. A asibiti aka gaya mana daga ruwan kududdufi ake shan wannan cuta. Tun daga nan ba na shan ruwan da ban tace da ƙyalle mai tsabta ba, kuma gida-gida nake bi ina faɗa, na Kirista da na Musulmi. Rijiyar da muka fara haƙawa a bayan coci ta tsaya, to ba za ta tsaya ba. Asabar mai zuwa ina nan da bokitina, ko ƙasa ce in kwashe.

Abu na ƙarshe. Inna Hajara tana kwance tun makon jiya, hawan jini ya taɓa mata ɓarin jiki. Hannun da ya yi jinyata ba ya ɗaguwa yanzu. 'Ya'yanta mata suna aure nesa. Ni na ɗauki safiya, zan riƙa yi mata wanka ina ba ta koko. Ina neman wadda za ta ɗauki rana da wadda za ta ɗauki yamma. Ina bakin ƙofa bayan an tashi, ba zan tafi ba sai na samu.

Wanda ke ɓoye ciwonsa a cikinmu yau, na jiki ko na zuciya, kada ya yi irin tawa. Ka buɗe baki ka gaya wa Ubangiji, ka buɗe ƙofa ka bar mutanensa su shigo. Ya ji ni a ranar da ko addu'ar kirki ban iya ba, zai ji ka.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Yesu Almasihu. Amin.