Yadda Kajin Iware Suka Hana Amatullah Ƙetare Teku

Amatullah ba za ta tafi ba! Jama'a, ta zauna. An ba ta ɗakin bincike nata na kanta a nan ƙasarmu, kuma akwatin da ta ɗaure don ƙetare teku an kwance shi.

Ku yi mini afuwa, murna ta sa na faɗa gida ban yi sallama ba. Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, Malam Suleiman. Mai unguwarmu ta Majidaɗi, Allah ya ja zamaninka. Limamai da fastoci. Malaminmu na ajin yamma, Mista Manasseh, wanda ya koya mini riƙe fensir bayan gemuna ya yi fari. Iyayenmu mata da suka taso tun daga Iware. Ma'aikatan da sabuwar jiharmu ta tara mana daga ko'ina. Manya da yara, ina gaishe ku. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Njidda, kakan Dakta Amatullah. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana, na gode muku da kuka bar kasuwa da gona da ofis kuka zo ku taya tsoho murna.

Abu na farko, bari in faɗa muku abin da nake tsoro. Ɗana Imrana ya rasu a wata annoba Amatullah tana goye, ita kaɗai ya bar mini. A hannunmu ta tashi, ni da kakarta Hajaratu. Ta yi firamare a nan, ta yi jami'a a Zariya, ta tafi ƙasar Turawa ta yi shekaru, ta dawo ta kama aiki a wata cibiyar bincike a can Filato. Bara ta zo ta zaunar da ni, ta ce manyanta sun ba ta zuwa ƙarshen shekara. In aikinta bai nuna komai ba za a rufe shi, ita kuma Turawan da suka koyar da ita sun ce ƙofarsu a buɗe take. Na dubi ƙafafuna, na dubi sandata, na san in ta tafi wannan karon ba ni za ta tarar ba.

Abu na biyu, wane aiki ne wannan? Na sa ta yi mini bayani har ta gaji, ta ce angon nata kansa ya yi tauri. Ga abin da na riƙe. Akwai ƙwayar cuta da ake kira bairos, ta fi ƙarfin ido. Ba ta da murhu, ba ta da tukunya. Abin da take ɗauke da shi saƙo ne kawai, wanda a cututtuka da yawa suke kira ar-en-e. Jikin mutum da na dabba kuwa ƙananan gidaje ne jere da juna. Sai ta shiga gida ɗaya ta miƙa saƙonta, mai gida ya bar aikinsa ya koma yi mata bauta, yana ƙera mata 'ya'ya. Amma Allah bai bar jiki haka ba. Gidan da aka shiga, da ya gane saƙon nan baƙo ne, sai ya yi kururuwa, maƙwabta su ji su rufe ƙofa. Wannan kururuwa ita ce intaferon. Gidan farko yana iya ƙonewa, amma unguwa ta tsira. Da ta faɗa mini haka na ce, ashe abin da muke yi ne a ruga in kura ta shigo. Ta ce shi ne, sai dai ita tana son ta san wa ya fi saurin ihu, kuma me ya sa.

Kun san annobar da ke kwashe kaji duk lokacin sanyi, ta bar akurki wayam. Kun kuma san a Iware akwai kajin da ke tsallakewa, 'yan'uwansu na faɗuwa su suna kiwo. Amatullah ta ce tana zargin nasu ihun ya fi sauri, amma ba za ta sani ba sai ta samu ƙwansu da rai a ciki. Wasu a wurin aikinta suka yi dariya, suka ce me za a koya daga kazar ƙauye mai tonon juji.

To, ga inda labari ya karkace. Ta aiko direba Jonah cewa a nema mata ƙwan kajin da suka tsira. Na je Iware da kaina. Ku da kuka san ƙauye kun san mace ba ta ba da ƙwan kazarta, domin ba ƙwai take gani ba, kajin baɗi take gani. Amma saboda Amatullah suka tara mini, gida gida, na kawo na ajiye na tafi masallaci. Ita kuwa Hajaratu, da ta ji jikarta na neman ƙwai daga nesa, sai tausayi ya kama ta. Ta ce yarinyar nan yunwa take ji, dama ta gan ta ta rame, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin an yi wa mutum guzurin ɗanyen ƙwai ba. Ta ɗora tukunya ta dafa su duka, ta ƙulle yaji a gefe, ta miƙa wa Jonah.

Ku yi dariyarku, ga ta can tana rufe fuska da gyale. Jonah ya ce da Dakta ta buɗe kwano ta ga yaji, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Abokan aikinta suka cinye, suka aiko a gaida Hajiya. Da na yi wa Hajaratu magana, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Malam, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kuma ba wanda ya ce mini boko da ɗanye yake aiki."

Lokaci ya ƙure, kajin kuma sun shiga kwanci. Muka koma Iware ni da Hajaratu. Alisabatu, wadda annoba ta bar wa kaza ɗaya tak, ta tare mu a bakin ƙofa. Ta ce ta ji labari, 'yan tsakinta sun zama karin kumallon manyan likitoci, yanzu kuma mun zo ɗaukar me, zakaran? Hajaratu ta zauna a tabarmarta, suka yi maganarsu ta mata, ni ina waje. Abin da na ji kawai shi ne Hajaratu na cewa ita ma guda ɗaya annoba ta bar mata. Can sai Alisabatu ta fito ta ce, "Baba, kazata tana kan ƙwai, in an ɗaga ta za su huce su mutu. Ku tafi da ita a kansu. Amma kazata ta dawo." Maƙwabtanta da suka ga haka, su ma suka fito da nasu kwanduna.

Jama'a, ni da ban taɓa riƙe kaza ba, domin mu da shanu muka tashi, na ɗora kwandon Alisabatu a cinyata na rufe da babbar riga. Muka bi ta Wukari, muka tsallaka Binuwai a jirgin fito na Ibi. Jonah na tafiya kamar mai ɗauke da mai naƙuda. A cikin jirgi wani ɗan kasuwa ya ce Alhaji ya yi sabuwar amarya yana ɓoye ta. Na ce e, kuma ta fi uwargida tsada. Kazar ta tsattsage ni, ta ɓata mini riga, amma ba ta tashi daga kan ƙwanta ba har muka hau dutsen Filato. Amatullah ta sa hannu ƙarƙashinta, ta ji ɗumi, ta ce, "Kaka, sun iso da rai."

Daga nan aiki ya zama nata. Wata da watanni tana gwadawa tana maimaitawa, har ta ga abin da take nema: a cikin ƙwan nan, ihun ya fi sauri. Ta kai gaban manyanta, masu dariya suka gyara zama. Ɗan hakin da ka raina, kun san sauran. Ta ja mini kunne kada in tsaya a nan in ce an samu magani. Ba a samu ba tukuna, kuma rigakafin kaji yana nan, kada kowa ya bari. Hanya ce aka gani, kuma an ce ita za ta bi ta, a nan gida, da ɗalibai a ƙarƙashinta.

Na uku gajere ne. Ku masu 'ya'ya mata a makaranta, in sun yi tambayar da ba ku da amsarta, kada ku ce su yi shiru. Ku matan Iware, wannan aiki naku ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alisabatu, kazarki ta dawo, kin gani, kuma kin riƙe mini jikata. Useko, kamar yadda muke godiya da Fillanci.

Allah ya yi wa wannan taro albarka. Allah ya jiƙan Imrana. Allah ya tsare mana jikinmu da dabbobinmu daga annoba, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Na gode, na ƙara godewa.

Kada ku watse tukuna. Amatullah ta zo da wata fitila, mun rufe tagogin zaurena ya yi duhu. In ta ɗora ƙwai a kanta, za ka ga jijiyoyi ja, ka ga ɗan tsako yana motsi tun bai fito duniya ba. Na gani da idona jiya, na kasa tashi daga wurin. Gani ya kori ji. Gidan ba nisa, bayan masallaci ne. Matan Iware su shiga gaba, sauran ku biyo ni, ku zo ku gani.