Sarewar da Ke Hura Gawayi

A wata rumfar shayi a unguwar Hayyin Ashir ta garin Medani, Kamilu ya daskare da kofi a hannu, yana kallon abin da mai shayin ke hura gawayi da shi.

"Baiwar Allah, wannan ba sarewa ba ce?"

"Ita ce. Ta babana, Atiku Medani."

"Innalillahi! Atikun da ya yi kiɗan jaz da mutanen Kuba? Mahaifina har ya rasu kaset ɗinsa yake ji a mota!"

"Allah ya jiƙansa. A ƙara sukari?"

"Ina faya-fayansa na garmaho?"

"Yaƙin Khartum ya cinye su. Wanda ya tsira ina rufe tulu da shi."

"Tulu? Haba! Wallahi sarewar nan gidan tarihi ya kamata a kai ta."

Ta ɗago, idanunta jajur da hayaƙi.

"Shekara da shekaru yana Havana yana busa wa wasu suna rawa, mu muna kwana da yunwa. A hannunsa ba ta taɓa ɗora mana tukunya ba. A hannuna jikokinsa take ciyarwa. Khalas, zance ya ƙare, sha shayinka."

Ta sake busawa, gawayin ya yi jawur.